Ɗauraya Biyu

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Ubangiji ya kira baiwarsa, Gwaggona, yayar mahaifina, wadda kowa a cocinmu ya sani da Mai Bula. Ta cika a ɗakinta tana da shekara saba'in da takwas, taga a buɗe, 'yarta tana riƙe da hannunta. Ina cikin aji ina rubutu a allo aka leƙo aka ce ana nemana a gida. Ban tambayi dalili ba. Na ajiye alli, na kakkaɓe hannu, na fito. Tun daga ƙofar makaranta har gida ƙamshin sabulu nake ji, ga shi kuwa ba wanda yake wanki a kan hanyar.

Gwaggo, zumuntar mata ce ta ce in rubuta wani abu a kanki, tunda ni ce malama a dangi. Su uku suka zo suna ta lallashina kamar wani nauyi za su ɗora mini. Ba su san dama da magana a bakina ba, kuma ke ce za ki ji ta. Ai kin saba. Ke da kanki kika sa mini suna Sarkin Tambaya tun hannuna bai kai igiyar shanyarki ba.

Shekara arba'in da ɗaya kika yi kina wanke fararen ƙyallayen bagade, wato teburin hadaya na gaban coci. Wanda ba ɗan cocinmu ba zai ce ai wanki ne kawai, don haka bari in ɗan yi bayani. Akwai babban mayafin da ake lulluɓe bagade da shi. Akwai ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin gurasa da ƙoƙo a lokacin Misa, babbar sujadarmu. Akwai kuma siririn nan da Fada, limamin cocinmu, yake goge ƙoƙo da shi bayan jama'a sun karɓi Jibi Mai Tsarki, wato gurasar da abin da ke cikin ƙoƙon bayan an tsarkake su. Waɗannan biyun na ƙarshe sun taɓa Jikin Kristi da Jininsa, saboda haka ba a jefa su cikin wanki haka kawai. Sai an fara ɗauraye su da ruwa mai tsabta a cikin daron da aka keɓe musu, ruwan kuma ba a zuba shi a kwata, sai a ƙasa, inda ƙafa ba ta takawa. Ke wurinki gindin lemon bayan coci ne. Mutane suna mamakin yadda lemon nan yake 'ya'ya ko a shekarar da na maƙwabta suka ƙi, ke kuwa sai ki ce ba abin mamaki a ciki, itacen da ake ba ruwa duk Asabar ba shi da wata hujja.

Idan na rufe ido yanzu, a can nake ganinki. Asabar da safe, igiya biyu daga lemo zuwa bangon ɗakin ajiyar kayan Misa, fararen ƙyallaye suna tashi suna sauka, rana tana ratsa su. Ina ƙarama nakan shiga tsakaninsu in ɓace. Ba na ganin coci, ba na ganin titi, sai fari ta kowane gefe, da sanyin danshi a kumatuna, da inuwarki tana giftawa ta bayan mayafi, wani lokaci doguwa, wani lokaci gajera. Kina waƙa ƙasa-ƙasa, wata waƙa da ban taɓa jin farkonta ko ƙarshenta ba. Na daɗe ina zaton haka Sama take, har sai da katekis, mai koya mana addini, ya yi mana bayanin da ya fi wannan tsawo. Yatsunki kuwa kullum shuɗi-shuɗi suke saboda bular wanki, ko a hoton auren 'yarki haka suka fito.

Alherinki ba mai surutu ba ne. Kina da wata 'yar farar riga ta baftisma da kika ɗinka da hannunki, kina ajiye ta cikin akwati da ganyen lemo. Duk jaririn da iyayensa ba su da halin yi masa sabuwa, ita ake sa masa, kuma ba ki taɓa bari uwa ta roƙa ba. Ranar Juma'a za ki biya ta gidan, ki ajiye rigar a kan gado, ki ce a gwada miki ko ta yi wa yaron, kamar ke ake yi wa alfarma. Ranar jana'izarki na ƙirga manya masu gemu har shida da na san a cikin rigar nan aka zuba musu ruwa. Idan kika je duba mara lafiya, ba ki zama ki cika shi da sannu. Ki gaishe shi, ki yi masa addu'a, sannan ki yaye zanen gadon ki tafi da shi, gobe ki dawo da shi a goge yana ƙamshin rana.

Fadoci kuwa sun sha bakinki. Bakwai kika yi wa aiki, kuma kowanne kin san shi ta wuyan rigarsa. Kika ce wani zufa ce da shi, wani shayi yake zubarwa, wani kuma idan ya goge ƙoƙo kamar yana faɗa da shi. Amma ban taɓa ganin wanda yake girmama Fada kamar ke ba. Na yanzu, wanda a haife kin haifi uwarsa ma, idan ya shigo kina zaune sai kin dafa gwiwa kin miƙe. Duk da haka, a shekararsa ta farko, wata rana ya dawo daga ƙauye a gajiye, ya hango wani dattijo mai yawan ƙorafi yana tafe, ya ce ki gaya masa ba ya nan. Kika ce, "Fada, ka sa ni wanki har dare in yi, ka sa ni azumi in yi. Wannan kam ba zan iya ba." Kika fita kika ce wa dattijon Fada yana nan, amma ya gaji liƙis, in maganar za ta kai gobe a ji tausayinsa. Dattijon ya koma gida ba tare da fushi ba. Fada da kansa ya ba da labarin nan a wa'azin jana'izarki, yana dariya yana share ido.

Yanzu na zo kan maganar da ta sa na karɓi alƙalamin nan.

Shekara tara ke nan da rasuwar Baba, ƙaninki, kafintan da ya yi rabin bencinan cocinmu da ɗakin furta zunubi. Ni nake jinyarsa. Ranar da zai tafi, da safe, ya sha shayi, ya nemi a buɗe masa taga, har ya yi mini tsiya a kan yadda nake tafiya kamar mai bin ɗalibi da bulala. Sannan ya kama hannuna ya ce, "Ki kira mini Fada." A zuciyata, kiran Fada ya zo da man shafawa mai tsarki sallama ce, kuma ban shirya sallama ba. Na ce, "Haba Baba, ai ka ji sauƙi. Gobe in Allah ya kai mu." Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce, "To, gobe." Da yamma wajen ƙarfe huɗu ya cika. Bai furta zunubinsa ba, ba a shafe shi ba, bai karɓi Jibin guzuri ba, kuma gidan Fada tafiyar minti goma ce daga ƙofarmu.

Bayan mako biyu na je na durƙusa a ɗakin furta zunubi, a kan katakon da Baba ya goge da hannunsa, na faɗi abin da na yi. Fadan lokacin ya saurara, ya ba ni addu'ar tuba, ya ɗaga hannu ya furta mini gafara. Na fito ina jira in ji sauƙi, ban ji ba. Na ce lalle ban faɗa daidai ba. Na koma na ƙara bayani. Na sake cewa ai ban gaya masa Baba ya yi murmushi ba, kuma murmushin nan shi ne ya fi komai muni. Da na ga na fara jin kunyarsa, sai na shiga hawa mota ina zuwa wasu coci-coci inda ba a san muryata ba. Duk Fadan da na samu sai in zube masa labarin daga farko, ya ba ni gafara, in fito, kafin in kai tasha wata murya ta ce mini wannan bai fahimta ba, da ya fahimta da bai yi saurin yafewa haka ba. Daga ƙarshe na daina karɓar Jibi gaba ɗaya. Nakan zauna a bencin ƙarshe, idan lokaci ya yi in janye gwiwoyina mutane su wuce. Maigidana ya yi magana har ya gaji. 'Ya'yana suka girma suna ganin uwarsu tana janye gwiwa.

Ke ce kika fi kowa haƙƙin ki zarge ni, don ƙaninki ne, ke kika goye shi. Ba ki taɓa cewa uffan ba. Idan kin karɓi Jibi kina dawowa, sai ki zagayo ta bencin ƙarshe, alhali bencinki yana gaba, ki ɗan dafa kafaɗata ki wuce. Shekara da shekaru haka kike yi. Wallahi wani lokaci haushin hannun nan nake ji, wani lokaci kuma shi kaɗai nake jira a dukan Misar.

Sai wata Asabar, shekara biyu da suka wuce, kika aiko in zo in taya ki shanya, wai kafaɗarki tana ciwo. Na zo na tarar kafaɗar lafiya lau. Muka gama, kika zaunar da ni a gindin lemo, kika kwance bakin zanenki, kika fito da wani tsohon ƙyallen goge ƙoƙo. Ya yi laushi kamar gizo ne ya saƙa shi, tsakiyarsa a yage.

Kika ce, "Ni na yaga shi. Da wanki."

Kika ba ni labarin shekarunki na farko a aikin, labarin da ko 'yarki ba ta sani ba. Kika ce tsoro ne ya kama ki, kada wani ɗan ɓurɓushin Jikin Ubangiji ya maƙale a zare ki kai shi kwata. Ki ɗauraya sau uku, ki ce saura kaɗan. Ki yi sau bakwai, sau goma. Ki tafi gida, ki ɗora tukunya, ki sauke ta ki dawo ki sake. Hannuwanki suka tsattsage, ƙyallaye suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ke kuma kika daina zuwa Jibi, don a ganinki kullum kina wulaƙanta Ubangiji. Tsohon Fada na lokacin, wanda ya riga mu gidan gaskiya tun ina firamare, ya ɗaga ƙyallen nan a rana, ya hango ki ta cikin yagar, ya kira ki. Ya ce daga yau ɗauraya biyu za ki yi. Idan kin zubar da ruwa na biyu, aikinki ya ƙare, abin da ya rage kuma tsakaninsa ne da Allah, shi zai amsa. Ya ce ba shawara yake ba ki ba, umarni ne.

Na ce, "To sai zuciyarki ta kwanta?"

Kika yi dariya har da tafa hannu. "Ta kwanta? Shekara uku tana ihu. In zubar da na biyu, hannuna ya nufi famfo da kansa, in kama shi da ɗayan hannun in ce, Fada ya ce biyu."

Ni kuwa Sarkin Tambaya ce, ga karatu yana cina. Na ce miki ai an koya mana lamiri muryar Allah ce a cikin mutum, kuma wanda ya saɓa wa lamirinsa ya yi zunubi ko da duniya duka ta ce masa ba komai. Na tuna miki ranar da kika ƙi yin ƙaryar da Fada ya sa ki. Na ce in lamiri ya isa ya sa ki ƙi bin Fada a ranar nan, me ya sa nawa bai isa ya hana ni Jibi ba?

Kika ninke ƙyallen a hankali, kika ce, "Ranar nan ina gani sarai, ƙarya ƙarya ce, ko yaro ya sani, Ikkilisiyar ma abin da ta koya mini ke nan. Ba sai na tambayi kowa ba. Amma na wankin nan, idona ne ya yi hazo. Muryar ta Allah ce, 'yar nan, ban musa ba, amma kunnen naki ne, kuma kunne yana ciwo. Ke ce mai laifi, ke ce mai shaida, ke ce alƙali, ke ce mai riƙe makulli. To wa zai sallame ki? Shi ya sa Ubangiji bai bar gafararsa a cikin ƙirjinmu kaɗai ba, ya sa ta a bakin wani, don mu ji ta daga waje."

Kika ƙara da cewa yawon da nake daga Fada zuwa Fada ba neman gafara ba ne, neman wanda zai yarda da hukuncina nake, kuma ba zan same shi ba. Kika ce in zaɓi ɗaya, ko wane ne, in yi abin da ya ce. Maganar ta shige ni har ƙashi, amma ban bi ta ba. Na gode miki, na ɗauki jakata, na tafi gida ina ce wa kaina ƙyalle daban, ran mutum daban. Yau na san abin da na ɗauka tsoron Allah ne zalla, har da girman kai a cikinsa. Na fi yarda da muryata a kan ta duk Fadocin da suka ɗaga mini hannu.

Tun daga ranar na fara wani mafarki, kuma da rana yake zo mini, idan na dawo daga makaranta na ɗan kishingiɗa. Ina tsakanin igiyoyinki, ƙyallaye sun yi yawa, ba su da iyaka. Ina jin ƙarar abin goge katako a wani wuri kusa, shuu, shuu, yadda Baba yake yi. In ɗaga mayafi in tarar da wani mayafin. Inuwarsa tana nan a baya, sunkuye a kan aiki, ba ya sauri, ba ya waiwaye. Ba na jin tsoro a mafarkin. Sai dai ban taɓa kaiwa gare shi ba, kullum sai in farka da sanyin danshi a kumatuna.

A farkon watan nan ciwo ya kwantar da ke. Ranar Alhamis, biyu ga wata, na biyo daga makaranta na tarar da ke a jingine da matashi, 'yarki tana tsakar gida, ɗanki yana waya a ƙofa. Da kin so, da ɗaya daga cikinsu kika aika. Amma kika jira sai da na zauna, kika kama hannuna da yatsun nan da bula ba ta gama barinsu ba, kika ce, "Ki kira mini Fada."

Gwaggo, kin san abin da kika yi. Ban san lokacin da na fita ba. Mace mai shekara arba'in da shida, malamar da ɗalibai suke tsoro, tana gudu a titi da takalmi ɗaya a hannu. Na tarar da Fada yana cin abinci, na tsaya a kansa ina haki. Ya dube ni, ya ajiye cokali, ya ɗauko 'yar jakarsa. Ya zo ya saurari furcinki, ya shafa miki mai a goshi da tafin hannu, ya ba ki Jibi. Ɗakin ya yi tsit, labule yana motsi a hankali, hasken yamma yana kwance a kan zanen gadonki. Da ya gama, kika nuna ni da haɓa kika ce, "Fada, ga wani tsohon wanki na bar maka. Ni ya fi ƙarfina."

Washegari na je wurinsa. Na durƙusa a kan katakon Baba, na fara labarin daga farko kamar yadda na saba. Ya bar ni na kai ƙarshe. Sannan ya tambaye ni sau nawa na furta wannan, na ce na daina ƙirgawa. Ya ce ko abin da na yi babba ne ko ƙarami, an yafe shi tun ranar farko, shekara tara da suka wuce, kuma Allah ba ya ba da gafara ya dawo ya karɓe. Game da Baba kuma, ya ce mutumin da ya nemi Fada da bakinsa ya riga ya juyo da fuskarsa ga Ubangiji, Ubangiji kuwa ya ba mu sakramenti, irin su furci da shafa mai da Jibi, don taimakonmu, amma bai ɗaure hannunsa da su ba. Sai muryarsa ta canza. Ya ce, "Malama, a waje ke babba ce gare ni, amma a nan ki saurare ni. Na hana ki sake furta wannan, a wurina ko a wurin wani. Ranar Lahadi ki zo ki karɓi Jibi. In akwai kuskure a umarnin nan, a wuyana yake."

Lahadin farko na ce ban shirya ba. Lahadi ta biyu na miƙe, na shiga layi, na yi taku kamar goma. Sai muryar nan ta ce, wannan yaron me ya sani, shekarunsa nawa lokacin da Baba ya rasu? Na juya na fita ta ƙofar gefe, na tsaya a gindin lemonki har aka tashi.

Ranar Litinin na zo duba ki. Magana ta fara yi miki wuya, ido kawai kika ɗaga mini, na kuwa gane tambayar. Na so in ce miki na je, don ki tafi da farin ciki, har kalmar ta zo bakina. Amma wa zai yi wa Mai Bula ƙarya? Na ce, "Gwaggo, na tashi, amma ban kai ba." Kika lumshe ido, kika ɗan matsa hannuna, kika ce, "Kin tashi." Ita ce magana ta ƙarshe da kika yi da ni. Washegari da hantsi aka leƙo ajina.

Ranar Juma'a aka yi Misar jana'izarki. Akwatinki yana gaban bagade, bagaden kuma yana lulluɓe da mayafin da kika goge da hannunki kafin ki kwanta, har layin ninkinki yana nan bai baje ba. Da lokacin Jibi ya yi, mutanen bencina suka miƙe suna jira in janye gwiwa kamar kullum. Ban janye ba, na miƙe na shige gabansu. Kada wanda zai karanta wannan ya zaci muryar ta yi shiru. Tana nan, tana faɗin duk abin da ta saba faɗa, har da murmushin Baba ta kawo mini. Na riƙe hannuna na dama da na hagu, ina tafiya ina cewa a raina, Fada ya ce ki zo. Na wuce ta gefen akwatinki, na ɗan dafa shi kamar yadda kike dafa kafaɗata. Fada ya ɗaga gurasar ya ce, "Jikin Kristi." Na ce, "Amin." Ban ga haske ba, ban ji wata waƙa daga sama ba. Na dai koma mazaunina na durƙusa, na ji 'yata ta sa kanta a bayana tana kuka.

Da aka watse, sai aka lura ba wanda ya yi tunanin wa zai wanke ƙyallayen. Suna nan cikin kwando a ɗakin ajiya, har da wanda aka goge ƙoƙo da shi a Misarki. Asabar da safe na je na ɗauko daronki daga ƙusar da kike rataye shi. Na tara ruwa, na ɗauraya, na kai gindin lemo na zuba. Na sake tarawa, na ɗauraya, na zuba. Sai na ga hannuna a kan famfo, ban san lokacin da ya je ba. Na tsaya ina kallonsa. Iska ta taso, ganyen lemo suna kaɗawa, igiyoyinki biyu suna lilo ba komai a kansu. Na janye hannun, na ɗauko sabulu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya, 'yarki, wadda ta yi jinyarki ba ƙorafi, da ɗanki da matarsa, da jikokinki tara, da dukan danginmu. Allah ya ba ku haƙuri, ya sanyaya zukatanku, ya sa ku gaji halinta. Ina yi wa Fada ta'aziyya, shi da ya rasa uwa kuma mai gaya masa gaskiya, da zumuntar mata, da duk wanda aka taɓa sa wa 'yar farar rigar nan. Kada mu manta da ita a Misa da addu'o'inmu na gida.

Ya Ubangiji mai jinƙai, ga baiwarka ta zo. Ta yi shekara arba'in da ɗaya tana tsabtace abin da ya taɓa Jikin Ɗanka. In akwai wani tabo da ya rage a jikinta, ka wanke shi da jinƙanka, ka sa mata farar riga, ka zaunar da ita cikin hasken da ba ya dusashewa. Uwarmu Budurwa Mai Tsarki, uwar Ɗanka, ta riƙe hannunta har gabanka. Ka ba ta hutawa tare da iyayenta da mijinta da ƙaninta, da duk bayinka da suka riga mu. Amin.

Ki huta, Gwaggo. Daronki yana hannuna, lemonki ba zai rasa ruwa ba. Idan kin ɗaga mayafin nan kin tarar da ƙaninki sunkuye a kan katakonsa, ki gaishe mini da shi, ki gaya masa na kira Fada.